Daga Ise Zuwa Kwatarkwashi: Wuraren Tsafin Da a Bakin Alƙalamin Marubutanmu

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Gusau ya san yadda tafiyar take. Za a wuce Mairuwa, a iso Sheme inda hanyar Ƙanƙara ta ɓullo, a ratsa 'Yankara, a bar ƙasar Faskari a faɗa Tsafe. Ana cikin haka, kafin a kai Gusau, sai ga wani dutse ya tokare sama, gari kwance a gindinsa. Nan ne Kwatarkwashi. Sau da yawa a daidai wurin wani fasinja kan nuna da baki ya ce, "Dutsen nan da can wurin tsafi ne." Na kusa da shi ya ce, "Allah ya tsare mu." Shi ke nan, sai hira ta koma kan tsadar taki da kuɗin masara.

Ba mu ga laifin fasinja ba, don shi gabansa yake yi. Da marubuta muke, domin idan muka dubi ƙagaggun labaranmu za mu tarar abin da suka faɗa game da irin waɗannan wurare bai wuce abin da fasinjan nan biyu suka faɗa ba. A cikin rubuce-rubucen da mambobi ke aiko wa wannan mujalla mun sha cin karo da fitowa guda ɗaya, kamar da kan sarki aka buga ta. Kishiya da ƙawarta za su nufi "wani ƙungurmin daji," su tarar da bukka, a ciki ga boka mai jajayen idanu zaune cikin ƙahoni da ƙore da jan ƙyalle. Zai ƙyalƙyale da dariya, ya faɗi abin da ya kawo su tun ba su buɗe baki ba, ya nemi baƙin bunsuru da kuɗin aiki. Dajin ba shi da suna. Ba mu san ko da damina ne ko da rani ba. Bokan ba shi da gona, ba shi da mata, ba a san wanda ya haife shi ba.

Abin da muke son tattaunawa a wannan fitowa shi ne cewa wannan hoto aro ne, kuma ya tsaya tsakaninmu da wani babban yanki na tarihin ƙasarmu wanda ke gab da ɓacewa. Domin mu ga girman giɓin, za mu fara leƙa wata ƙasa mai nisa inda aka riƙe irin wannan wuri da hannu biyu, sannan mu dawo gida.

Abin da Mai Ziyara ke Gani a Ise

Mutanen Japan suna da addinin gargajiya da ake kira Shinto. Abin bautarsu suna ce masa kami, kuma in za a kwatanta, ya fi kusa da abin da Bahaushe ke kira iskoki, domin suna jingina su ga duwatsu da itatuwa da koguna da kakanni. Akwai wuraren bauta kimanin 80,000 a ƙasar, amma wanda suka fi girmamawa shi ne na garin Ise, a lardin Mie, inda suke bauta wa Amaterasu, wadda suka ɗauka ita ce mai rana kuma kakar gidan sarautarsu.

Mai ziyara yakan fara da wucewa ta wata ƙofa marar ƙyaure, ginshiƙai biyu da itace biyu gicciye a sama, alamar cewa ya bar ƙasar kowa da kowa ya shiga keɓaɓɓen wuri. Daga nan ya haye gadar Uji, wadda aka yi da katako a kan kogin Isuzu. Zai wanke hannuwa da baki, ko a kwamin da aka tanada ko a bakin kogin. Sai ya bi wata hanya mai tsakuwa cikin kurmin manyan itatuwa har ya iso wasu matakala na dutse. A samansu akwai ƙofa da farin labule, kuma nan ne iyakar talaka. Zai rusuna sau biyu, ya tafa hannu sau biyu, ya sake rusunawa, ya juya. Ainihin ɗakin yana can bayan shinge huɗu, ba a hango komai sai ƙololuwar jinkarsa, ba a kuma yarda a ɗauki hoto ba. Ɗakin kansa ba wani ƙasaitaccen gini ba ne. Katako ne zalla ba fenti, an ɗaga shi bisa ginshiƙai, an yi masa rufin ciyawa, a kan siffar rumbun shinkafar mutanen da.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne duk bayan shekara 20 sai a gina sabon ɗaki sak irin na da a filin da ke maƙwabtaka da shi, a mayar da kayan bauta can, a warware tsohon, a raba katakonsa ga wasu wuraren bautar. An fara wannan al'ada wajen shekarar 690. Yaƙin basasa ya taɓa katse ta fiye da shekara 120, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya sa aka ɗage na 1949 zuwa 1953. An yi karo na 62 a 2013, shekarar da masu ziyara suka haura miliyan 14, ana kuma shirin na gaba a 2033. Hikimar abin a fili take. Shekara 20 ta isa yaron kafinta ya zama gwani, gwani ya zama malami, don haka sanin yadda ake sassaƙa da ɗaura jinka da saƙa kayan wurin ba ya mutuwa da mutuwar tsoho guda.

Mu marubuta, abin da ya shafe mu shi ne rawar da alƙalami ya taka. Tun a shekarar 712 aka tattara labaran asalin waɗannan kami a littafin Kojiki. Wani malami ɗan yankin na Ise, Motoori Norinaga, ya shafe fiye da shekara 30 yana yi wa littafin sharhi, ya kammala a 1798. Bayan haka kaɗan, a 1802, Jippensha Ikku ya fara fitar da wani labarin barkwanci na wasu shashashai biyu, Yaji da Kita, waɗanda suka tashi daga Edo, wato Tokiyo ta yau, za su ziyara Ise, suna tafe suna tafka abin kunya a masaukai da mashaya. Ke nan wuri ɗaya ya samu mai tattara labari, da mai sharhi, da mai ban dariya. Kada kuma mu ɗauka tarihin nasu fari ne tas. Daga 1868 gwamnati ta rungumi Shinto ta mai da shi makamin cusa biyayya ga sarki da kishin ƙasa mai zafi, har sai da aka raba shi da hukuma a watan Disamba na 1945, bayan an ci Japan da yaƙi. Wannan ma an rubuta shi, ana kuma ta muhawara a kai. Abin lura dai shi ne duk mai son ya yaba ko ya kushe zai tarar da abin karantawa.

Namu Wuraren

Idan muka dawo gida, yankin da ya ƙunshi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya zarce Tsafe da Kwatarkwashi, a da duk yana cikin daular Katsina kafin jihadi. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da laka mai albarka, kuma tsofaffin garuruwanta irin su Pauwa da Birnin Kogo sun bar sunayensu a cikin sarautun Katsina, ga Sarkin Pauwa ga Kogo. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna yadda bautar iskoki ta kasance ɗamfare da tsarin sarauta da noma a wannan daula, ya kuma ambaci Kwatarkwashi da Durɓi ta Kusheyi cikin cibiyoyinta. An san Kwatarkwashi da tsafin Magiro, an kuma san ta a da da bikin da samari kan hau dutsen su kamo maiki. Ban da manyan cibiyoyi, kusan kowane tsohon ƙauye yana da tsamiyarsa ko kukarsa ko dutsensa da ba a wasa da shi. Har yau kuma a ƙasashen Ƙanƙara da Malumfashi da Kafur da Faskari akwai zuriyar Maguzawa, waɗanda mafi yawansu sun musulunta ko sun shiga addinin Kirista, amma tsofaffinsu sun ga abin da idanunsu.

Abin da manazarta suka tattara ya nuna tsarin ya yi nesa da bukkar bokan littattafanmu. Kowane gida yana da abin da ya gada, kuma mai gida ne ke yanka a madadin iyalinsa, galibi gab da faɗuwar damina da kuma bayan kaka. Akwai kan gida, wato wata dabba da zuriya ba ta ci ba ta kashewa. Kowane iska yana da irin dabbarsa da launinta, abin da ake ba Inna, wadda ake kira Uwar Gona, daban yake da na Kure. A wasu wurare akan kafa wani itace a matsayin wurin yanka, sunansa jigo, kalmar nan dai da mu manazarta adabi muke amfani da ita kullum ba tare da mun tuna tana da wannan ma'ana ba. Akwai Sarkin Noma, akwai bikin dubu na manomin da ya tara dami dubu, akwai buɗin daji na mafarauta. Duk wannan ya rataya ne a kan ruwan sama da hatsi da haihuwa da lafiya, wato abubuwan da manomi ke kwana da tashi da fargabarsu. Mallake miji da haukata kishiya, waɗanda su kaɗai littattafanmu suka sani, ɗan ƙaramin gefe ne na lamarin.

Abin takaici, yawancin wannan bayani baƙi ne suka rubuta shi da harsunansu. Tremearne ya fitar da littafinsa kan bori a 1914. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya buga nasa a 1946. Jerome Barkow ya kwatanta zaman Musulmi da Maguzawa a tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya a 1973, Guy Nicolas kuma ya yi aiki mai zurfi a kwarin Maraɗi. Malamanmu na jami'a, irin su Muhammad Sani Ibrahim da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, sun yi namijin ƙoƙari da Hausa, sai dai da yawan irin waɗannan ayyuka suna kwance a ɗakunan karatu na sassan Hausa, mai ƙaga labari bai leƙa ba.

Yadda Littattafanmu Suka Yi da Su

In muka koma kan littattafan gasar 1933, waɗanda su ne tubalin ƙagaggen labarinmu, za mu ga tun daga tushe aka kauce. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam akwai aljannu, a Ganɗoki na Bello Kagara ma akwai su birjik, amma aljannun littattafan Larabawa ne, 'yan uwan na Dare Dubu da Ɗaya. Ganɗoki ya fita daga ƙasar Hausa kafin ya haɗu da su. Marubutan nan biyu 'yan uwan juna ne, sun kuma yi zaman Katsina, amma iskokin da ke bakin ƙofarsu ba su samu shiga ba. Ba mu ce sun yi laifi ba. 'Ya'yan malamai ne, abin da suka karanta shi ya ba su samfuri, littattafan kuma don 'yan makaranta aka yi su. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fi matsowa kusa, domin Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama ƙwacen Zainab da aka yi masa. Amma a nan ɗin ma asirin makamin ramuwa ne kawai, kuma muna iya cewa daga nan aka share hanyar da bokan yau ke bi. A So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, na 1980, aljana ta shigo ne a matsayin kishiyar soyayya.

Da littattafan soyayya suka yi ambaliya daga ƙarshen shekarun 1980, sai boka ya zama kamar kayan gyaran mota, duk inda labari ya cije sai a ɗauko shi a ɗaura. Marubuci ya rasa dalilin da zai sa miji ya juya wa matarsa baya, maimakon ya zauna ya nazarci halin ɗan Adam, sai ya tura kishiya daji. Wannan lalaci ne ta fuskar ƙulla zaren labari, domin asiri ya ɗauke wa taurari nauyin ayyukansu, ya ɗauke wa marubuci wahalar gina su. Su kuma littattafan yaƙi da jarumta, waɗanda matsafa suka cika su, sun kwashe tsafin kacokan sun kai birnin Sin da birnin Hindu da wasu ƙasashen da babu su a taswira. Finafinai suka zo suka ƙara wa bokan hoda da hayaƙi. Yanzu yaron da aka haifa a Faskari, in aka ce ya siffanta wurin tsafi, na fim zai siffanta, alhali wataƙila tsamiyar da kakan kakansa ya yi wa yanka tana nan a bayan garinsu.

Shi kuwa Bamaguje, in ya samu shiga labari ko wasan kwaikwayo, ɗan ban dariya ne, mai karkatacciyar Hausa da tulun giya, wanda aikinsa ya yi wauta sannan ya musulunta a shafi na ƙarshe. Ba a nuna shi yana noman da ya ciyar da birni ba, ba a nuna riƙon alkawarinsa da tsoron rantsuwar da maƙwabtansa Musulmi kansu ke shaidarsa da su ba. Wannan rashin adalci ne ga mutanen da ke raye, masu jin Hausa, waɗanda 'ya'yansu ke karanta abin da muke rubutawa.

Abin mamaki, mafi kyawun siffanta wurin tsafi da muke da shi yana cikin tsohon littafin Tarihin Kano, wanda malami Musulmi ya rubuta da Larabci, Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, aka kuma sa shi da Hausa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Dubi yadda ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura. Ya faɗi cewa itace ne aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Ya faɗi lokacin da yakan sauko daga Dala, da irin baƙaƙen dabbobin da jama'a ke kawowa, da yadda yakan shiga da dare ya fito ya gaya wa mutane abin da zai faru a shekara. Ya jera manyan mutanensa da sana'o'insu, har da maƙeri da mai dafa giya da mai magani. Ya kuma bi labarin har zamanin Sarki Tsamiya da aka rushe wurin. Ga wuri, ga lokaci, ga iyakar da ba a ƙetarewa, ga mutane da sunayensu. In ka ajiye wannan kusa da abin da muka faɗa game da Ise za ka ga idon da ya duba iri ɗaya ne, ido ne mai tambayar wa ke shiga, ina ake tsayawa, me ake kawowa, yaushe. Marubucin nan bai yi imani da Tsumburbura ba, amma bai bar ƙyamarsa ta rufe masa ido ba.

Hujjar Masu Jin Tsoro

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce shirka ce, Allah ya raba mu da ita, Shehu Usmanu da jama'arsa sun yi jihadi a kan yanka ga duwatsu da itatuwa, don me za mu tono abin da aka binne? Amsarmu ita ce ba mu kira kowa ya koma gindin tsamiya ba, ba mu kuma ce a yi koyi da mutanen Ise a sake gina abin da aka rushe ba. Shirka shirka ce. Amma bayar da labarin abu daban, yin sa daban, kuma malaman Musulunci sun riga mu sanin haka. Hishamu ɗan Kalbi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 9, ya rubuta littafi sukutum kan gumakan Larabawa, da sunayensu da wurarensu da ƙabilun da ke bauta musu. Albiruni ya koyi harshen malaman Hindu ya rubuta littafinsa kan addininsu wajen 1030. Shaharastani ya tsara littafi kan addinai da ƙungiyoyi. A zaurukanmu na nan gida ɗalibai na karanta waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya don su ƙware a Larabci, ba wanda ya ce imaninsu ya raunana. Shehu da Muhammadu Bello kansu sun bayyana al'adun da suke yaƙa a rubuce-rubucensu, shi ya sa ma muka san wasu daga ciki.

Daɗin daɗawa, wanda bai san abin da aka bari ba, ba zai san girman abin da aka samu ba. Musuluntar ƙasar Hausa aiki ne na ɗaruruwan shekaru, gida gida, zuciya zuciya. Idan muka mai da abin da ya gabata dodon fim, mun mai da aikin malaman da suka yi wa'azi wasan yara ke nan. Ga kuma misalin rijiyar Kusugu a Daura. Labarin macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a kowa ya san shi, 'yan makaranta na zuwa ziyara, ba a kuma taɓa jin wanda ya yi ridda saboda ya leƙa rijiyar ba. Kusugu ta tsira ne don ta samu labari. Durɓi ta Kusheyi, da ke ƙasar Mani, ta samu masu tonon tarihi a 1907 da 1992. Su kuwa wuraren kudu maso yammacin Katsina, ba labari ba tono.

In muka waiwayi maƙwabta, Chinua Achebe ɗan mai wa'azin Kirista ne, amma a littafinsa na 1964 ya gina labari a kan wani babban mai tsafi wanda sabon zamani ya ci masa, ya ba shi girma da girman kai da kuskure kamar kowane mutum. Kurmin Osun da ke Osogbo ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2005. Mu namu labarin ma ya fi nasu tsawo da sarƙaƙiya, domin karon da aka yi a nan tsakanin Bahaushe da Bahaushe ne, uba da ɗa, shekaru aru aru kafin zuwan Bature.

Rana Tana Faɗuwa

Da a ce lokaci na jiranmu da ba mu matsa ba. Amma kowa ya san halin da wannan yanki ya shiga. Harin Kadisau a ƙasar Faskari a watan Yuni na 2020, da sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba na shekarar, waɗanda aka sako 344 bayan kwana 6, kaɗan ne daga abin da jama'a suka gani. A 2021 har layukan waya aka rufe a waɗannan ƙananan hukumomi. Dajin Kogo, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin sababbin gandayen daji na ƙasa a 2020, sunansa ya fi fitowa a labaran 'yan bindiga. Ƙauyuka da dama sun watse, kuma ƙananan unguwannin da ke bakin daji, inda tsofaffin al'adu suka fi daɗewa, su suka fi shan wuya. Idan tsoho ya bar ƙauyensu ya koma rakuɓe a gidan ɗansa a Funtuwa, ranar da ya rasu an rufe littafin da ba kwafinsa. Mutanen Ise suna da shekara 20 ta sabuntawa. Mu ba mu da ita, kuma ba ma nemanta. Abin da muke da shi takarda ce da alƙalami.

Saboda haka ziyarar da muke ba mambobi shawara ba ta shiga daji ba ce, kada wani ya jefa kansa cikin halaka ya ce mu muka aike shi. Ziyarar tsofaffi ce, kuma yawancinsu yanzu suna cikin gari. A tafi da goro da ladabi, a bar wa'azi da dariya a gida. Kada a ce, "Baba, ba mu labarin tsafi," domin zai ce bai san komai ba, kuma yana da gaskiyar ƙin faɗa, tunda ya sha gori. A ce, "Baba, a zamanin iyayenku in ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka, me akan yi?" Daga nan sai a bi shi a hankali. Wace itaciya ce, tana gabas ko yamma da gari? Wa ke gaba, wa ke tsayawa nesa? Mata fa, me suke yi a ranar? Me ake dafawa? Wace shekara aka daina, zamanin wane hakimi? Wa ya sare itaciyar, me tsofaffi suka ce da ta faɗi? A nemi izini kafin a rubuta, a sakaya sunan wanda bai so a ambata ba, abin da kuma ya ce sirrin gidansu ne a bar masa kayansa.

A ganinmu, a cikin tambayoyin nan na ƙarshe babban labarin yake. Yaro ya tafi almajiranci ya dawo da allo da sabon suna, ya tarar da jigon ubansa a tsakar gida. Yana son ubansa, yana kuma tsoron Allah. Uban ya san in ya bar yanka ya saɓa wa kakanni, in ya ci gaba ya rasa ɗa. Uwa tana tsakiya, damina kuma ta ƙi sauka. Wannan ya faru a dubban gidaje tsakanin Pauwa da Sabuwa, a cikinsa akwai soyayya da tsoro da hawaye da ban dariya, kuma ba ya bukatar jan ƙyalle ko dariyar boka. Marubucin da zai iya sa mai karatu Musulmi ya yi murna da shiriyar ɗan, a lokaci guda kuma ya tausaya wa uban, ya yi aikin da adabinmu bai yi ba tukuna.

Kammalawa

A taƙaice, mun nuna cewa ƙagaggun labaranmu sun maye gurbin wuraren tsafin da na ƙasarmu da wani hoton aro, cewa malaminmu na Tarihin Kano ya fi mu iya kallo, kuma cewa addini bai hana mu bayar da labari ba. Muna roƙon mambobinmu, musamman na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da kewaye, kafin wani ya sake tura kishiya ƙungurmin daji, ya fara tambayar kansa sunan dajin. In bai sani ba, ya ajiye alƙalami ya je gaida kakarsa. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda ya dawo da abin da ya jiyo, ko labari ne ko waƙa ko bayanin ziyara, haka kuma ga duk wanda bai yarda da mu ba yana son ya mayar da martani. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, amin.